Tsakuwar Matsarmama: Inda Tukunya Ke da Ta Cewa

 

Yau a filinmu na kiwon lafiya na rediyo, da ku zan fara, iyaye mata. Ranar da aka soma koya wa yarinya gyaran kaza, akwai gargaɗin da ba a tsallakewa: in kin zo kan hanta ki bi a sannu, kada ki fasa matsarmama. 'Yar jakar nan ce koriya da ke maƙale jikin hanta, wadda wasu ke kira maɗaciya. In ta fashe, duk naman da ruwanta ya taɓa ya yi ɗaci ke nan, wanki ba ya fid da shi. To, irin wannan jaka kowannenmu yana ɗauke da ita. Ka ɗora hannunka a gefen dama, daidai inda haƙarƙari ya ƙare, tana nan ciki a ƙarƙashin hanta. Tsawonta bai wuce santimita 7 zuwa 10 ba, ruwan da take riƙewa kuma bai fi cokalin cin abinci 3 da ɗan ɗoriya ba.

Ruwan ɗacin nan hanta ce ke yin sa, dare da rana, har wajen rabin lita ko fiye a kullum. Matsarmama ma'ajiya ce kawai, kamar randa. Tana tara shi, tana tsotse ruwa-ruwansa har ya yi kauri, tana jiran a ci abinci. Da zarar abinci mai maiƙo ya bar tumbi ya shiga ƙaramin hanji, sai hanji ya aika mata saƙo, ita kuma ta matse kanta ta feso ruwan ta wani siririn bututu. Aikinsa a kan kitse irin aikin sabulu ne a kan kwanon da aka ci miyar manja: ya farfasa maiƙon, hanji ya samu ya tsotse.

To ina tsakuwa ta shigo? Cikin abubuwan da ke narke a ruwan ɗaci akwai wani nau'in kitse da likitoci ke kira kolastarol. Duk wanda ya taɓa zuba suga a kofin shayi har ya wuce kima ya san akwai inda ruwa ke gaza narkarwa, ragowar ya kwanta a ƙasa. Haka kolastarol ke yi in ya yi wa ruwan ɗaci yawa. Idan kuma aka yi rashin sa'a jakar ba ta juye abin da ke cikinta a kai a kai, sai abin da ya kwanta ya zama laka, laka ta zama yashi, yashi ya dunƙule. Ana yin shekaru ana wannan gini ba tare da mai jikin ya sani ba. Wani a tarar masa da ɗaruruwa ƙanana kamar ƙwayar gero, wani guda ɗaya tak amma ta kai ƙwan zabo. Ku riƙe abubuwa biyun nan, ruwan da ya cika kauri da jakar da ba ta juyewa, don duk maganar abinci da za mu yi a kansu take tafiya.

Akwai wanda ya taɓa tare ni da cewa ai shinkafar gida ce ke jawo ta, wai tsakuwar da aka haɗiye ce ke taruwa. A'a, malam. Tsakuwar da ka haɗiye a shinkafa hanyar hanji take bi ta fita, ba ta da ƙofar shiga matsarmama. Haƙorinka kawai za ka ji wa tsoro. Haka kuma kada a haɗa ta da tsakuwar ƙoda. Waccan a hanyar fitsari take, yawan shan ruwa na taimakawa wajen hana ta, ƙarama ma takan fita da fitsari. Wannan gidanta daban, hanyarta daban. Ba kuma cutar zamani ba ce zalla, don an tarar da ita a jikin gawarwakin da mutanen Masar suka busar suka adana shekaru kusan 3,000 da suka wuce.

Abin mamaki, cikin mutum 10 masu wannan tsakuwa, wajen 8 ba su san suna da ita ba, kuma yawancinsu ba za ta taɓa damun su ba. Sai wani dalili ya kai su hoton ciki a gani. Matsala tana tasowa ne ranar da jakar ta matse, tsakuwa ta gangaro ta toshe bakin bututu.

Na ga wannan a gidanmu. Wata gwaggona ta yi shekara 2 tana shan maganin olsa. Ciwon yakan kama ta cikin dare, a ƙahon zuci zuwa gefen dama, ya harba bayanta tsakanin allon kafaɗu, wani lokaci har kafaɗar dama. Ba murɗa yake yi ya saki ba, riƙewa yake yi kamar an ɗaure ta da igiya. Ta tashi ta zauna, ta durƙusa, ta yi amai, babu kwanciyar da ke mata daɗi. Bayan awa 2 ko 3 sai ya sake ta kamar an zare ƙaya, gari na wayewa ta ɗauki tsintsiya. Sai ta yi wata guda lafiya lau. Wata 'yarta ce ta lura cewa kusan duk daren da abin ya tashi, an dawo daga suna ne ko biki, an ci waina da miyar taushe mai kitse da soyayyen nama. Da aka kai ta asibiti aka ce ta dawo da safe ba ta ci komai ba, aka yi mata hoton ciki. Cikin 'yan mintoci aka ga abin da ya hana ta barci shekara 2. Kuɗin farin ruwan olsar da ta sha a tsawon lokacin ya ninka kuɗin hoton sau da yawa. Ina faɗin haka ne don a wajenmu duk ciwon da ya tsaya a saman ciki sunansa olsa, har mai kemis ma ba ya tambaya.

Su wa ta fi kamawa? Mata sun fi maza nesa ba kusa ba, musamman a shekarun haihuwa. Sinadaran jikin mace suna ƙara yawan kolastarol a ruwan ɗaci, lokacin goyon ciki kuma jakar takan yi nauyin jiki, ba ta matsewa sosai. Shi ya sa mace mai haihuwa da yawa ta fi shiga layi, ko da yake lakar da ke taruwa lokacin ciki sau da yawa takan washe da kanta bayan an sauka. Sai wanda ya haura shekara 40, da mai ciwon suga, da wanda ake yin ta a danginsu. Babban jigo kuwa shi ne ƙiba, musamman ta tumbi. A nan dole in yi magana da ƙannena 'yan mata da amare masu shan ƙwayar nan da ake wa kirari da sha-ka-fashe don a ciko kafin biki. Jikin da aka hura da ƙwaya, banda ɓarnar da ƙwayar ke yi ita kanta, yana tura hanta ta riƙa zubo kolastarol fiye da abin da ruwan ɗaci zai iya ɗauka.

Akwai kuma wata irin tsakuwa da mu a nan ya kamata mu fi kowa saninta. Baƙa ce, ƙanana, kuma babu ruwanta da kitse. Ita ce ta masu sikila. Ƙwayar jinin mai lafiya tana yin kwana 120 kafin ta mutu, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20. Ragowar matattun ƙwayoyin, wato launin rawayan nan da ake gani a idonsu, hanta ce ke tace shi ta zuba a ruwan ɗaci, in ya yi yawa sai ya daskare. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan masu sikila, ƙiyasin da aka fi ambatawa shi ne jarirai wajen 150,000 a shekara. Don haka siririn yaro ɗan firamare yana iya samun tsakuwar matsarmama. Uwar mai sikila, in ciwon ɗanki ya riƙa tsayawa a gefen dama bayan cin abinci, ko idonsa ya yi rawaya fiye da yadda kika saba gani, kada ki ce rikicin da aka saba ne. Ki faɗa wa likitansa. Kuma kada ki zargi girkinki, wannan iri ba ta tukunya ba ce, hana shi nama ko mai ba zai kare shi daga gare ta ba.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Madalla. Ga wanda ya kama mu yanzu, maganar tsakuwar matsarmama muke yi, kuma mun iso kan rigakafi.

Tunda na ce ƙiba ce jigo, na san wani zai ce to gobe zan daina cin abinci. Tsaya tukuna, nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Ramewa da gaggawa tana cikin hanyoyi mafi sauri na samun wannan tsakuwa. In jiki ya shiga yunwa ya kama ƙona kitsensa da ƙarfi, hanta tana kwararo kolastarol cikin ruwan ɗaci. A daidai lokacin kuma babu maiƙon da ke shiga hanji, don haka babu saƙon da ke zuwa wa jaka ta matse. Ka ga abubuwa biyun da na ce ku riƙe sun haɗu a wuri ɗaya. Likitoci sun ga haka ƙarara a jikin waɗanda aka yi wa tiyatar rage tumbi da masu tsananin horon yunwa, inda tsakuwa ke fitowa cikin 'yan watanni. Abin da aka fi aminta da shi shi ne rage rabin kilo zuwa kilo 1 a mako. Wanda ke zubar da fiye da kilo 1 da rabi duk mako ya shiga haɗari. Saboda haka mai tallan shayin rage tumbi a waya, wanda ya yi maki alkawarin kilo 10 a kwana 14, ko da ya cika alkawari bai yi maki gata ba. Haka mai ramewa ta sake cikowa, ta sake ramewa, duk shekara ana hawa ana sauka.

Ita matsarmama lokaci take so. Mu kuwa da yawanmu, musamman 'yan kasuwa da direbobi, mukan fita ba kari, a wuni da goro da ruwan leda, sai bayan isha a zauna a gaban mai shayi ko mai tsire a rama duka. Jaka ta wuni cike ba motsi, sannan a yi mata lodi da tsakar dare. Ko kunu da 'yar gyaɗa ne, a karya da safe. Na san za a tambaye ni azumi. Azumin da ake sahur a sha ruwa da magariba ba shi ne horon yunwar da nake nufi ba. Abin da zan roƙa shi ne kada a bar sahur saboda barci, kuma kada faranti na farko ya zama ƙosai da soyayyar doya da dankali da ƙwai a haɗe. Wanda ya riga ya san yana da tsakuwa mai tashi, ya ga likita tun cikin Sha'aban.

Maganar mai kuma, kun dai ji cewa rashinsa gaba ɗaya illa ne. Ɗan kaɗan a kowane abinci shi ke sa jakar ta juye. Rigimar tana wajen yawa da kuma iri. Kitsen da mai balangu ke yanko maka gyara, kakiɗe, man shanun da ake malalawa a kan tuwo har ya yi tafki, man suyar da aka maimaita sau biyar har ya koma baƙi, waɗannan su ne na ragewa. Man gyaɗa na ƙwarai, man riɗi, man zaitun ga mai hali, da kifi, sun fi sauƙi a jiki, in an zuba da cokali ba da ludayi ba.

Gyaɗa ma tana da labari mai daɗi. Masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka sun bi rayuwar ma'aikatan jinya mata fiye da 80,000 har shekara 20, suka fitar da sakamako a 2004. Matan da ke cin gyaɗa da danginta kimanin cikin tafin hannu sau 5 a mako ko fiye, an samu ragin kashi 25 cikin 100 na yi musu aikin cire matsarmama, in aka gwada da waɗanda ba su cika ci ba. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, ba ya rantsuwa cewa gyaɗar ce kaɗai ta yi aikin. Amma mu da muka taɓa tara dalar gyaɗa a Kano, ba sai an roƙe mu ba. Sharaɗi ɗaya ne: cikin tafin hannu aka ce, ba mudu ba. Kuma duk wadda ta yi funfuna ko ta yi ɗaci a baki a tofar, don gubar funfunar gyaɗa hanta take ci.

Yanzu bari in zo inda na fi jin takaici. Abin da likitocin Turai ke roƙon mutanensu su ci don kauce wa wannan tsakuwa, wato hatsi da dusarsa, da wake, da ganye, shi ne abin da muka gada muke kuma gudu. Dusa da ɓawon wake da jijiyar ganye hanji ba ya narkar da su, amma suna aiki a hanya: suna sa abinci ya wuce da wuri, suna hana suga hauhawa a jini, suna riƙe ciki mutum bai ci ya wuce kima ba. Mu kuwa sai a surfa gero a surfa dawa har su yi fari tas, a kwashe dusar a ba awaki. Akuya ta samu rabo mai kyau, mai gida ya samu saura. Ban ce a daina surfe ba, na san tuwon da ba a surfa ba sai mai haƙuri. Amma a rage masa ƙarfi. A dawo da tuwon dawa da na alkama, da fate, da acha, da dambun zogale. Wake ya riƙa shiga tukunya sau 3 ko 4 a mako, ko ɗan wake ne, ko alala, ko garau-garau, in dai ba a nutsar da shi a mai ba. Kwaɗon rama da na zogale da ƙuli-ƙuli, wanda yaran yanzu ke ganin abincin ƙauye ne, ya fi burodi da bota amfani ga matsarmama. Miyar kuka, kuɓewa, yakuwa, alayyahu, kabewa, duk suna cikin lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana. Kada adadin ya tsorata ku, goba 2 da yankan gwanda da kwanon kwaɗo sun kai ka kusa.

Wanda ya fi kitse ɓoye kansa shi ne suga da farin gari. Mutum zai ce maka shi ba ya cin kitse, alhali ya karya da farin burodi da shayi mai cokali 4, rana taliya, dare farar shinkafa, kowanne da lemon kwalba. Kwalba ɗaya takan ɗauki suga wajen cokalin shayi 8 zuwa 9, ga shi hukumar da na ambata ta ce babba kada ya wuce kimanin cokali 12 a wuni. Irin wannan ci yana tayar da sinadarin insulin, shi kuma yana zuga hanta ta ƙara kolastarol a ruwan ɗaci. Zoɓo da kunun aya da fura ba su da laifi, hannun mai zuba suga ne abin dubawa.

Sai motsa jiki. Kakanninmu ba su san wani abu wai shi atisaye ba, daka da ɗiban ruwa da tafiya gona sun ishe su. Yau inji ke niƙa, babur ke kai mu masallacin da ke bayan layi. Tafiyar ƙafa mai ɗan sauri ta minti 30, kwana 5 a mako, tana rage haɗarin ko da nauyin mutum bai sauka ba. Matar da ba ta fita tana iya zagaya tsakar gida bayan asuba. Masu shan gahawa kuma, an lura tsakuwa ba ta cika damun masu shan kofi 2 zuwa 3 a rana ba. Ban ce mai ciki ko mai hawan jini ya fara sha saboda ni ba.

(Ɗan gajeren kiɗa)

To jama'a, duk abin da na lissafa rigakafi ne. Yana rage yiwuwar tsakuwa ta samu, ga wanda ya riga ya samu kuma rage maiƙo yana iya rage yawan tashin ciwon. Amma tsakuwar da ta riga ta ƙulla, babu miyar da ke narkar da ita. A nan ne masu neman kuɗinku ke shigowa.

Akwai haɗin da ke yawo a waya da sunan wankin hanta. A ce ka wuni kana shan ruwan tuffa, da dare ka kwankwaɗi rabin kofi ko fiye na man zaitun da ruwan lemon tsami, ka kwanta ta gefen dama. Da safe sai ka ga wasu ƙwallaye kore-kore masu laushi a bayan gida, a ce maka ga tsakuwarka nan ta fita. Har hoto ake ɗauka. A 2005 mujallar likitoci ta Lancet ta buga labarin wata mata a ƙasar Niyu Zilan da ta yi wannan haɗi, ta kwashi ƙwallayen ta kai asibiti. Da aka auna su, ba a samu kayan da ke cikin tsakuwar matsarmama ba. Man da ta sha ne ya haɗu da ruwan lemo da sinadaran hanji ya dunƙule ya zama wani irin sabulu. Masu binciken har sun haɗa irinsu a ɗakin gwaji. Tsakuwarta ta gaskiya tana nan inda take, sai da aka yi mata aiki. Ku iyayenmu masu dafa sabulun salo kun san abin da mai ke zama in ya gamu da ruwan toka.

Zaitun itaciya ce mai albarka, babu mai musun wannan, kuma na riga na ce mansa abinci ne mai kyau. Amma ku tuna me ke sa matsarmama ta matse. Mai tsakuwa ya ɗaga rabin kofin mai ya shanye lokaci ɗaya, ya umarci jakar ke nan ta matse da iya ƙarfinta a kan duwatsu. In ƙarama ta kuɓuce ta maƙale a babban bututu, abin da zai biyo baya ya fi ciwon daren muni. Haka kurkum: a miya lafiya lau, amma garinsa cokali-cokali ko ƙwayoyinsa suna matse jakar, shi ya sa ake hana masu tsakuwa. Habbatussauda da zuma da citta, a sha don amfaninsu, kada dai a zauna jiran su narkar da dutse.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne shawara. Ido ya yi rawaya, sai a jiƙa saiwar rawaya a yi ta ɗura wa mutum mako 2. Shawara alama ce, ba cuta ɗaya ba. Tana iya zama ciwon hanta, tana iya zama zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, tana kuma iya zama tsakuwa ce ta toshe bututu ruwan ɗaci ya koma cikin jini. In toshewa ce, duk jiƙon duniya ba zai buɗe ta ba, ruwan da ya tsaya kuma ƙwayoyin cuta suna iya kama shi cikin kwana ɗaya ko biyu.

Don kada a ce likitoci sun raina maganin gargajiya, ga wani abu. Wata ƙwaya da aka tabbatar tana narkar da wannan tsakuwa, asalinta daga maganin gargajiyar mutanen Sin ne, waɗanda suka daɗe suna amfani da ruwan ɗacin wata dabbar daji da ake kira beyar. An gano sinadarin, yanzu a masana'anta ake yin sa. Amma da aka gwada shi da kyau sai aka ga iyakarsa: ƙananan tsakuwoyin kolastarol kaɗai yake ci, sai an sha wata 6 zuwa shekara 2, kuma wajen rabin waɗanda ya yi wa aiki tsakuwar na dawo musu cikin shekara 5. Wanda aka tabbatar ke nan. Sai ku auna shi da na mai lasifika a tasha da ya ce kwana 3.

Ga wanda tsakuwa ke tayar wa ciwo a kai a kai, maganin da ya tabbata shi ne a cire jakar gaba ɗaya. Ba sabon aiki ba ne. Wani likita Bajamushe, Carl Langenbuch, shi ya fara yin sa a birnin Balin a 1882. Tun daga 1985 kuma aka soma yin sa ta 'yan ƙananan huji da na'urar hangen ciki, wanda yanzu ake yi a wasu manyan asibitocinmu, mutum ya koma gida cikin kwana 1 ko 2. Tambayar da gwaggona ta yi ita ce tambayar kowa: yaya mutum zai rayu an cire masa wani abu a ciki? Ku tambayi mahauta. Raƙumi ba shi da matsarmama, haka doki, haka jaki. Hanta tana ci gaba da yin ruwanta, sai dai ya riƙa ɗiga kai tsaye cikin hanji maimakon a tara. Wasu kan yi ɗan sakin ciki na wani lokaci in sun ci maiƙo, akasari ya daidaita. Wanda kuma aka ga tsakuwa a hotonsa amma ba ta taɓa damun sa ba, galibi ba a taɓa shi, sai dai in likita ya ga wani dalili.

Lokaci ya matsa mana. Ga roƙona kafin in sallame ku. Ciwon gefen dama ko na ƙahon zuci da ya wuce awa 5 bai saki ba, ko ya zo da zazzaɓi da rawar sanyi, ko ido ya yi rawaya, fitsari ya koma kamar baƙin shayi, bayan gida ya yi fari-fari, ko amai ya ƙi tsayawa, wannan ba na jiran gari ya waye ba ne, ba kuma na kemis ba ne. A nemi abin hawa a tafi asibiti a daren. Maigida, in uwargida ta ce maka olsarta ta tashi karo na uku bayan cin biki, ka kai ta hoton ciki.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.